Atika da Tokar Garin Nomau

Duk mazaunin Sabon Gari ya san Atika, ko da bai san sunanta ba. Da hantsi za ka gan ta da shuɗiyar rigar aiki a kan atamfa, da takalmin roba har gwiwa, tana leƙa kwata, tana buɗe randunan masu abinci, tana sa mahauta su wanke tebur. Ma'aikaciyar tsabta ce, aikin da ba a yi wa mai shi lale. Mata na hango ta sai ka ji ana cewa, "Ga ta nan, a rufe tukwane." A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma na san ba wanda zai kira mata makaɗa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don akwai abin da ya faru bara wanda har yau ban manta da shi ba.

Bayan girbi wuta ta tashi a dajin da ke bayan Jiratawa. Ta cinye ciyawa da karan gero da rumbuna, ta tsaya a bakin Garin Nomau, ƙauyen manoma da har yanzu wasunsu ke riƙe da al'adar kakanni ta bautar iskoki. Ba a rasa rai ba. Masu kashe gobara suka koma, manya suka zo jaje suka koma. Atika aka tura ta zauna da abin da wuta ta bari. Ta sa aka binne mushen awaki, aka yashe rijiyar da toka ta faɗa, aka zuba mata magani. Kowa ya ɗauka an gama.

Ba a yi nisa ba yara suka fara faɗuwa. Salima, jikar wata tsohuwa mai suna Tabawa, ita ce ta farko: amai, yawu na dalala, jiki na karkarwa. Sai maƙwabta, sai gidan da ke bayansu. Tsoho Nomau, mai garin, ya ce tsamiyar iskoki ta ƙone, fushinsu ne ya sauka, ya nemi jan zakara. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Jiratawa, kuwa ya ce wannan ya yi kama da gubar maganin feshi, amma bai san ta inda take shiga cikin yaran ba. Atika ba ta yi musu da kowa ba. Ta durƙusa ta ce wa tsohon, "Baba, ku yi naku, ni ma in yi nawa."

Ta sake duba rijiya, ba komai. Ta shiga gidan Tabawa ta zauna kusa da murhu tana kallon abin da ake ci da abin da ake sha. Nan ta ga tukunya mai huji cike da toka, ruwa na ɗiga a ƙwarya. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan aiki: a ƙona kara, a tsiyaye tokar, a dafa ruwan har ya daskare, a cura, a riƙa sa wa miya don ta kashe tsami.

"Inna, tokar ga ina kinka samo ta?"

"Ɗiyata, bana ai wuta ta yi muna aiki. Can bakin garka na iske tuli guda, fara sol, na kwaso."

A bakin garkar nan ne masu noman rani suke da rumfar kara inda suke ajiye maganin feshi. Rumfar ta ƙone da abin da ke cikinta, masu ita suka janye gwangwanayen da suka lanƙwashe, suka bar toka. Majo ya faɗa mini cewa da gudu Atika ta zo masa da labarin. Domin ta tambayi tsohuwar ina sauran curin, ita kuwa ta ce ta kai kasuwar Tibiri, an saye tas.

Ke ce kika hau kabu-kabu ba ki ko karya ba, Atika. Ke ce kika nemo sanƙira a Tibiri, kika bi shi lungu-lungu yana shela kina buɗe ƙoren mata. Wasu suka miƙo, wasu suka ɓoye don kada su yi asara, kika tsaya a kansu har suka gaji da ke. A nan wata 'yar koli mai suna Tahira ta ce wata mata daga Sabon Gari ta sayi tokar da yawa, ta ce girkin suna za a yi da ita. Ba ta san sunanta ba, ba ta san gidan ba.

Gidana ne. Matata ce ta haihu, yayata Balkisu ce ta yi cefane. Atika ta bi unguwa tana tambayar inda ake suna, ta shiga gidajen da ba su ba, ta iso mana da azahar ana cikin zuba tuwo. Muna zaune a ƙofar gida muka ji muryarta daga ciki: "Kada wanda ya taɓa miyar ga!" Mata suka yi caa a kanta. Wata ta ce baƙin ciki ne, wata ta ce ko a ranar suna ba za a bar mutane su sha iska ba. Ita kuwa ta dafe murfin tukunya da hannu, da zafinsa da komai.

"Hajiya, tokar Tibiri kinka sa?" ta tambayi Balkisu.

"Ita na sa. Mi ya faru?"

"An kai ma wani?"

"An kai ma mai jego."

Ban san lokacin da na ratsa matan nan ba. Na sami kwano a buɗe gaban matata, ta wanke hannu, ba ta kai ga ci ba, jaririya na kan cinyarta. Na fizge kwanon na yi waje da shi. Balkisu da ta ɗanɗana gishirin miyar, kafin la'asar tana asibiti tana amai. Ta tashi, Salima ma ta tashi bayan doguwar jinya. Amma a tsakar gidan nan yara ne fal, kowa riƙe da kwanonsa yana jiran a zuba masa.

Atika ta koma Garin Nomau ta sa aka kankare ƙasar wurin da rumfar ta ƙone, aka binne ta a rami mai zurfi nesa da rijiya, aka kewaye da ƙaya. Ta san ƙaya ba ta hana mai neman toka, don haka ta roƙi tsoho Nomau ya sa baki. Ya tara garin ya ce daga yau wurin nan haramtacce ne, kuma har yanzu ko akuya ba a bari ta je can. Tabawa ta daina tsiyayar toka, ta ce hannunta ba ya yarda.

Ba duk curin ne ya dawo ba. Ba wanda ya san inda sauran ya shiga, kuma toka ba ta lalacewa, tana iya shekara a ƙasan kwando. Wannan ne ke hana Atika sukuni. Har makon jiya na gan ta a kasuwa tana tambayar masu toka inda suka ƙona karansu.

Na gode, Atika, uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya tsare ki kamar yadda kika tsare mu. Ku kuma matasan da za ku gaje ta, ku koyi zama kusa da murhun mutane, ku jure zagi. Mu da ke cikin gidaje, in mai shuɗiyar riga ya yi sallama ya ce a buɗe tukunya, mu buɗe. 'Yata ta fara tafiya a watan jiya, kuma uwarta ce ke riƙe da hannunta.