Leɓen Ekow Mai Ƙaho

An haifi Ekow Bentsil ranar wata Alhamis a shekarar 1962, a Agona Swedru, kuma a nan yake har yau. Sana'arsa ta ranakun mako walda ce, a wata rumfa bayan tashar mota. Amma da wuya ka ji wanda zai ce maka Ekow mai walda. Ekow mai ƙaho aka san shi, domin shekara ashirin da takwas ya yi yana busa a badujalar Nkabom, goma sha tara daga ciki shi ne a gaba, shi ke ɗauko waƙa sauran su bi.

Ƙahon a wurin aiki ya same shi. A 1981, yana koyon walda, wani mutum ya kawo ƙahon tagulla mai maɓalli uku da ya lotse a gyara masa, bai sake dawowa ba. Ekow ya bubbuga shi ya miƙe, ya riƙa gwadawa a bayan rumfa idan an tashi cin abincin rana. In ya ɗora bakin ƙahon a tsakiyar leɓensa, iska kawai ke fita. Rannan ya karkata shi gefen hagu, sai ga sauti. Tun daga ranar a hagu ya bar shi. Da ya so murya ta hau sama ta ƙi, sai ya gano cewa in ya ja ƙahon da ƙarfi ya danne leɓen a kan haƙori, tana hawa. Ba wanda ya ce masa ba haka ake yi ba. Duk 'yan Nkabom da kunne suka koya, kowa da yadda ta zo masa.

Kunnen kuwa yana da shi. Mace ta rera kukan makoki sau ɗaya, sai ya maido mata da shi ta ƙaho, har da wurin da muryarta ta karye. Shi ya sa ba Asabar ɗin da ke wuce shi. Ƙarfe shida na safe suna ƙofar ɗakin ajiye gawa, su rako mamaci gida, daga gida zuwa coci, daga coci zuwa maƙabarta, sannan su dawo filin zaman makoki su busa har rana ta faɗi. Awa goma sha ɗaya, wani lokaci sha biyu. Leɓensa na sama, gefen hagu, ya yi kanta mai zagaye, kai ka ce an ɗora masa kwabo mai zafi.

A farkon 2009 leɓen ya fara mutuwa. Da fari sai bayan la'asar yake daina jin sa, daga baya tun kafin a fito coci. Wata Lahadi yana cin sakwara, matarsa Araba ta tsaya tana kallonsa.

"Maigida, miya ce fa ke zuba ta gefen bakinka. Ba ka ji ba?"

Ya shafa, ya ga miya a hannu. Bai ji ba.

Ya kai kuka wurin shugaban badujalar, Masta Eduful. Masta ya yi dariya, ya buɗe baki ya nuna masa giɓi.

"Kai leɓe kake yi wa kuka? Ni haƙora biyu na bari a aikin nan. Ka kurɓi barasa, ka shafa man kaɗanya, Asabar ka fito."

Ya kurɓa, ya shafa, leɓen bai farfaɗo ba. A watan Yuli sau biyu murya ta yanke masa a tsakiyar waƙa, sai da Fiifi Acquah, direban tasi da ke busa na biyu a bayansa, ya rufe masa.

A garin akwai wani tsoho, Saje Baidoo, wanda ya yi ritaya daga badujalar 'yan sanda, yana koyar da busa da rubutun kiɗa a ɗakin taron wani coci, Talata da Juma'a. Ekow ya daɗe yana yi wa irinsu ba'a, yana cewa mutumin da sai ya duba takarda kafin ya san abin da zai busa, ai in iska ta ɗauke takardar a maƙabarta sai gawa ta jira. Duk da haka, ranar Talata 18 ga Agusta, ya saka ƙahonsa a jaka ya tafi.

Saje ya ce ya busa. Ekow ya zaɓi waƙar da ta fi sa mata kuka, ya busa ta da iyakar iyawarsa. Saje bai ko lumshe ido ba. Bakinsa kawai yake kallo, har ya taso ya zagayo ta hagunsa.

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa, yallaɓai."

"Ai na gani. Da akwai shi, da na sa an kulle shi." Ya kama leɓen da yatsa biyu ya ɗaga. "Kana jin wannan?"

"A'a."

"To saurara. Abin da kake yi ba busa ba ne, niƙa ne. Kana niƙa naman nan tsakanin ƙarfe da haƙori. In ka ci gaba, shekara ɗaya, in ka yi sa'a biyu, ko fito ba za ka iya ba. In kana so, zan dawo maka da ƙahon tsakiya, in koya maka hawa sama da numfashi. Zan kuma koya maka takarda, don ka san muryar ƙasa da wurin hutu, ka daina ɗaukar waƙa kai kaɗai tun safe har yamma kamar jaki. Wata shida. A cikinsu ba jana'iza, ba biki, ba ko ɗaya."

"Wata shida, yallaɓai? Ai sai a manta da ni."

"Gara a manta da kai kana da baki."

Ekow ya amince. Masta Eduful ya ce, "To, ɗan makaranta, in ka ci jarrabawa ka kawo mana takardar mu gani," ya ba Fiifi gaba na wucin gadi.

Ekow bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Saje ya sa shi tsayawa gaban madubi yana busa sauti ɗaya, dogo, a hankali, ƙahon a tsakiya, hannu sake. Mako uku iska kawai ke fita, kamar a 1981. A mako na huɗu wani siririn sauti ya fito. Takardar kuwa, abin mamaki, ita ta fi zo masa da sauƙi. Layukan nan biyar da ɗige-ɗigen da ke kansu, da ya gane cewa abin da kunnensa ya riga ya sani ne aka zana, sai ya shiga karanta su kamar mai jin yunwa. A ƙarshen Oktoba yana iya ɗaukar waƙar da bai taɓa ji ba ya rera ta daga takarda. Amma a ƙaho sauti biyar kawai yake da su, dukkansu na ƙasa. Kantar hagu ta yi laushi ta fara bajewa. Saje ya ce alama ce mai kyau.

A watan Satumba Maame Adwoa Nyarkoa ta rasu. Ita ce shugabar mata masu sayar da bandar kifi a kasuwa, inda Araba ke da teburinta. Dangi suka ajiye gawar a sanyi, suka sa jana'iza ranar Asabar 14 ga Nuwamba. Kafin ta cika ta bar magana a gaban 'ya'yanta cewa Ekow ne zai busa mata, shi da kansa, tun daga asibiti har bakin rami.

'Ya'yan suka zo da kwalbar barasa ta neman alfarma ranar wata Juma'a, Ekow yana wurin Saje. Kawunsa Kwamena, wan mahaifiyarsa kuma babban gidan, shi suka tarar. Kawu ya ji saƙo, ya karɓi kwalba, ya buɗe, ya zuba wa magabata a ƙasa, ya kurɓa ya miƙa wa baƙi. Kwalbar da aka buɗe aka zuba a ƙasa ba a mayar da ita. An amsa ke nan.

"Kawu, me ya sa ba ka jira ni ba?" in ji Ekow da ya dawo.

"In jira ka? Uwar kasuwa guda ta ambaci sunanka da bakinta tana mutuwa, in ce wa 'ya'yanta yaronmu yana makaranta? Kai, da furfurarka?"

Da Kawu ya fita, Araba ta ce, "Ni ban ce ka je ba, maigida. Amma ka san a tsakiyar matan nan nake zama kullum."

Ranar Talata ya gaya wa Saje. Tsohon ya ce:

"To ka tsaya a baya ka busa muryar ƙasa, a tsakiya, minti goma ka sauke. Bar wa direban nan sama."

"Ba muryar ƙasa marigayiyar ta ce ba, yallaɓai."

"Matacciya ba ta ji."

"'Ya'yanta suna ji."

"Ekow, hagun nan da ka sani ba ya nan. Kantar da ke tare maka ƙarfe ta tafi, sabon wurin kuma bai yi ƙwari ba. Yanzu ne ka fi kowane lokaci rauni. In ka mayar da ƙahon can, kada ka ce ban faɗa ba."

Ranar jana'izar, mako goma sha biyu da kwana huɗu ke nan da fara darasi. Ekow ya sa baƙi da ja, ya tsaya a gaba. A ƙofar asibiti ya bi maganar Saje, ya ɗora ƙahon a tsakiya. Abin da ya fito siriri ne, yana rawa, ganguna suka danne shi. Haka aka tafi har gida. Matan kasuwa sun fi ɗari, duk sun ɗaure kai da ja, suna waigowa. Wata ta ce da ƙarfi, "Wai Ekow ne wannan, ko ɗan akuya aka taka?" Aka yi dariya a gidan makoki. Araba ta sunkuyar da kai.

Ƙarfe tara da rabi, da aka ɗauko akwatin za a coci, babbar 'yar marigayiyar ta ɗora hannu a ka ta fara rera kukan uwarta. Ekow ya zame ƙahon zuwa hagu, ya ja shi da ƙarfi.

Muryar ta dawo. Waɗanda suka halarta sun haɗu a kan cewa ba su taɓa jin ya busa kamar na wannan safiyar ba. Ya bi kukan matar kalma bayan kalma, matan da suka yi dariya suka ɓarke da kuka. Masta Eduful ya matso yana ihu a kunnensa, "Ka gani! Ina takardar take yanzu?" Ekow kuwa ya riga ya fara jin ɗanɗanon gishiri a bakinsa.

An fito coci ƙarfe ɗaya saura. Hanyar maƙabarta hawa ce, rana kuma ta take. A tsakiyar hawan akwai waƙar da a kullum yake kai ta can ƙololuwa. Ya cika ƙirji, ya ja ƙahon da hannu biyu. Bai ji zafi ba. Ya dai ji wani abu ya saki a cikin leɓen, kamar zaren da ya tsinke, sai sautin ya zama huci. Ya sake gwadawa, jini ya biyo bakin ƙahon ya sauko masa a hannu. Fiifi ya ɗauki waƙar daga inda ta faɗi, jerin bai ko tsaya ba. Ekow ya bi su a baya har bakin rami, hankici a baki.

Ɗinki uku aka yi masa. Fatar ta warke cikin mako biyu. A watan Janairu wani likita a Cape Coast ya duba ya ce naman da ke tsuke baki ne ya yage daga ciki, kuma ya haɗe a karkace. Ranar 18 ga Fabrairu, ranar da wata shidan za su cika, Ekow ya je wurin Saje suka gwada tsakiya, suka gwada hagu, har dama suka gwada. Ta kowane gefe iska na zurarewa. Saje ya karɓi ƙahon, ya goge shi da kyau, ya saka masa a jaka da hannunsa.

An daɗe ana gardamar abin a garin. Masta Eduful yana cewa makaranta ce ta kashe shi: mutum shekara ashirin da takwas yana busa lafiya, ya shiga hannun mai takarda wata uku ya lalace. Saje, sau ɗaya da aka tambaye shi, ya ce shekara ashirin da takwas ɗin ne suka kashe shi, kuma minti biyar da wani ya tsaya ya gyara masa riƙo a 1981 da sun wadatar. Kawu Kwamena ya ce shi dai ya san an cika wa mamaciya alkawari.

Tun watan Maris na 2010 Ekow ya koma Nkabom, a layin baya, yana buga faranti biyu na tagulla. Shi kaɗai ne a cikinsu ke karanta rubutun kiɗa. In dangin mamaci da ke ƙasar waje suka aiko da waƙa a takarda, shi Masta ke miƙa wa, ya rera musu da baki, su ɗauka da kunne. Fiifi, wanda gaba ta zama tasa, ji biyu yake yi ya kama.

Wata Asabar suna hutawa a inuwa bayan an binne, Ekow ya ga Fiifi yana danna leɓensa da yatsa yana duba yatsan. Ya daɗe yana lura da yadda yake jan ƙaho in zai hau sama. Ya matsa kusa da shi.

"Ƙanena, ka je wurin Saje. Yanzu, tun kana jin sa. Kuma in ka fara, ka ƙarasa."

Fiifi ya dubi bakin Ekow, ya dubi farantan da ke hannunsa.

"Haba yaya," ya ce. "In je in dawo kamar kai?"

Masta ya buga ganga sau biyu, alamar a tashi. Fiifi ya tofar da yawu, ya ɗauki ƙahonsa ya wuce gaba, Ekow ya koma layin baya.