Ƙullin Bahaguwa

Shekara goma sha ɗaya Taisiya Yegorovna ta yi tana saƙa ragar waya a birnin Leningrad, a wata masana'anta wadda ba ta da suna sai lamba. Da ragar ake lulluɓe tayoyin motar da aka aika duniyar wata, don roba ba ta jure sanyin can. Bahaguwa ce, duk ƙullin da ta rufe waya da shi hagu yake juyawa. Injiniyoyi suka yi mita har suka gaji. Da aka gwada tayar a kan toka da duwatsu ƙullin ya ƙi kwancewa, sai suka ƙyale ta.

Ranar da aka ɗauke ta aiki ta sa hannu cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, ta kuwa riƙe alkawarin nan har ya yi mata yawa. 'Yarta Larisa ta tashi da sanin kwandon dankali uwarta take saƙawa, tana jin kunyar faɗa a makaranta.

Sai da tsohuwar gwamnatin ƙasarsu ta rushe, ita kuma ta tsufa, sannan ta buɗe baki ta faɗa wa iyalinta aikin da ta yi, suna shan miyar kabeji. Surukinta Gennadi ya kusa shaƙewa don dariya.

"Ke da wata, Mama? To, ni ma ni na rataye rana!"

Larisa ba ta yi dariya ba. Likita ta nema, aka fara zancen gidan tsofaffi masu ruɗewa. Abin ya ci wa Taisiya rai ƙwarai.

"Ki kai ni gidan tarihi," in ji ta. "Motar tana can. In ƙullin bai juya hagu ba, ki kai ni duk inda kika ga dama."

Suka je. Tsohuwa ta durƙusa da ƙyar gaban tayar, ta gyara tabarau. Ƙullin dama ya juya. Ta rarrafa ta duba ta biyu, ta uku, duk dama. Mai gadi ya ce ai kwaikwayo ne, wasu suka ƙera daga baya don 'yan kallo, amma Larisa ta riga ta juya tana duba agogo.

"Tashi, Mama, mutane na kallonmu. Likita ƙarfe biyu ya ce."

Nata tayoyin takwas suna can inda aka aika su da ƙullinsu na hagu, kuma ba mai zuwa ya duba.