Likita, da Kifin da Na Ce Na Gani

Ngozi ce ke rubuta mini wannan, 'yar Maman Ngozi mai shagon kwanuka a Funtuwa. Ni karatuna bai wuce na salla ba. Aji ɗaya suka yi da marigayi ɗana tun firamare, ita ta hau mashin ta zo har Maska, ta ce abokansa na haɗa takarda a kansa, wai in faɗi nawa. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara mini gishiri.

Ranar Talata da hantsi ina tsakar gida ina tsince waken suya a faifai, sai ga Sani ƙanensa. Sani da ake jin ƙarar mashin ɗinsa tun daga bakin masallaci, ran nan turo shi ya yi da hannu. Ya durƙusa, ya ce, "Inna, sai haƙuri. Yaya ne." Wai yayan nasa ya tashi daga aiki, ya zauna a kujera zai sa takalmi, zuciya ta tsaya. Can aka yi masa sutura, a Yanbu, garin da yake aiki a bakin Bahar Maliya. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce da Sani ya ɗauke faifan kada kaji su ɓarar.

Ɗan fari ne. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauka, kamar yadda ake yi. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in ya zo gaisuwa kai nake kawarwa in amsa. Mutane Likita suke ce masa. Kullum sai ya gyara musu: "Ni nas ne, likita daban." Ba wanda ya saurare shi, ni ma Likitan zan ce.

Abokansa za su faɗi karatunsa da kyautarsa. Ni maganar ido zan yi.

Ubansu, Malam, yanar ido ce ta rufe masa gani. Wani mai aikin ido da ke bin kasuwanni ya zo ya sa masa allura. Kwana bakwai yana gani, yana ta sa wa mutumin albarka. Daga nan idon ya kumbura, ya yi ciwon da namiji ke kuka da shi, idanun suka mutu duka biyun. Shekara shida ina jan Malam zuwa bayan gida. Ran da aka binne shi na ce ni kam ba mai taɓa mini ido, ko na asibiti ne.

To, da tawa yanar ta zo sai na ɓoye. Na haddace taku nawa ne daga ɗakina zuwa rijiya. Mutane da murya nake gane su. Zare da allura na ce hannuna ke rawa. Tsintar wake da yatsa nake yi, har ana yabona wai tsohuwa ta fi 'yan mata ido. Shekara huɗu, ko Sani bai gane ba.

Sai Likita ya aiko in zo Umara. A ɗawafi na riƙe bakin hijabin matarsa Zainab, na ce cunkoso nake tsoro. Ɗakin Allah da na yi shekara saba'in ina fuskanta, baƙi-baƙi na gani a tsakiyar fari, kamar mutum a cikin hayaƙi. Na ce alhamdu lillahi, na yi shiru da bakina.

Muka wuce Yanbu. Ranar hutunsa ya ce za mu shiga teku da yara. Na ce ni da ko kududdufin bayan gari ban taɓa shiga ba? Ya ce, "Inna, ba shiga za ku yi ba, kallo za ku yi."

'Ya'yansa biyu. Macen shekara bakwai, sunana ta ci, Takwara nake ce mata. Namijin shekara biyar, sunan Malam ya ci, shi ne Maigida. Mako guda kafin tafiyar kullum da la'asar sai ubansu ya cika baho, ya sa musu wani tabarau mai faɗi da ke rufe ido da hanci, da bututun roba a baki wanda kansa ke leƙowa sama, su kifa fuska a ruwa suna numfashi ta bututun. Yana tsugune yana ƙirga musu. Namiji mai gemu, da baho. Na ce a raina aikin banza ya sami mai yi.

Kwalekwale ne mai inji, da rumfa, da wani tsohon Balarabe mai tuƙi. Kowa aka sa masa riga mai kumfa wadda ba a nitsewa da ita, har ni, a kan hijabi. Likita ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana jan igiyar rigar. Tawa sai ya sa Zainab ta ja. Muka yi tafiya mai nisa, sannan Balaraben ya kashe inji.

Likita ya ce a ƙarƙashinmu akwai dutse mai rai, dangin murjanin da ake sa wa amare, yana girma kamar shuka, kifi na kwana a ciki. Na ce to a ɓallo mini ɗan guntu in kai tsaraba Maska. Ya ce, "Gonar wani ce, Inna. Tun ba a haifi kakanku ba yake tsiro, bai kai ƙugu ba. Ba a takawa, ba a ɓallewa." Yaran ma ya sa suka maimaita.

Takwara ta faɗa ruwa kamar 'yar agwagwa, uwarta na biye. Maigida kuwa da ya ga ba baho ba ne, ya maƙale wuyan ubansa yana ihu.

Na ce, "Maigida, kai da ka ce za ka kamo mini kifin miya?"

Ya ce, "Ke da kika ƙi shigowa fa? Matsoraciya! Na sake ki!"

Na ce, "Sakin da aka yi da majina a hanci ba ya aukuwa."

Ubansa bai yi dariya ba, bai kuma yi masa tsawa ba. Ya ce masa, "Faɗa mini me kake tsoro." Yaron ya ce ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya ce, "Madalla da ka faɗa. Tsoro in ka faɗe shi, an san inda za a riƙe ka." Ya shimfiɗa shi a kan hannunsa, ya ce numfashi uku kawai, sai su ɗago. Suka yi uku. Suka yi biyar. Can sai na ji ihu ya koma wani iri, ta cikin bututu, kamar ana busa wa akuya ƙaho. Murna ce.

Ni kuma ashe ya yi mini tanadi. Bokitin roba ya yanke wa gindi, ya liƙa gilashi. In an danna shi a kan ruwa aka sa fuska a ciki, sai a ga ƙasa tas. Da hannunsa ya yi, Zainab ta ce har ya yanke a yatsa. Balaraben ya riƙe mini kunnen bokitin, na sunkuya na sa fuska.

Ban ga komai ba. Kore-kore, hazo-hazo, kamar ruwan wankin shuwaka.

Takwara ta ɗago ta ce, "Kaka, kin ga mai ruwan ɗorawa?"

Na ce, "Na gan shi."

"Kin ga shuɗin mai baki kamar aku?"

"Ga shi nan, Allah mai halitta."

Duk abin da suka kira sai in amsa, har ina ƙarawa. Na ce wannan kam da ƙiba yake. Na saba, shekara huɗu ina wannan sana'a. Sai yarinyar ta iyo ta kama gefen jirgi don ta gani ta bokitina. Ta leƙa, ta ce da ƙarfi, "Kaka, ai bakin hijabinki ya faɗa ciki ya rufe gilashin! Me kike kallo tun ɗazu?"

Hijabina nake yabo.

Ruwa na bugun jirgi. Na ji fuskata ta yi zafi kamar ina bakin murhu. Na jira faɗa, don da ni ce da na yi.

Likita ya ce da Zainab ta zagaya da yara ɗaya gefen, wai an ce akwai kunkuru. Ya hawo jirgi yana ɗiga. Ya zauna kusa da ni, kusan da bai taɓa yi ba. Ya zare hijabin daga bokiti, ya sa kansa, ya fara faɗa mini.

"Nan ƙasanmu akwai wani kamar kan kabeji, amma ya kai turmi. Kusa da shi wani mai rassa kamar ƙahon barewa. Ga wasu ƙanana shuɗi, kamar an tsoma su a marina, sun fi ɗari, suna juyawa tare irin na tsuntsaye in sun sauka a gonar dawa. Ga wani yana kiwo, Inna, gatsar dutsen yake yi kamar tunkiya."

Sai da ya jima, kansa na cikin bokitin, ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Shekara huɗu."

"Ka'aba fa?"

Na kawar da kai. Ya ɗago yana share fuska, ya ce ruwan gishiri ne. Ya mayar da kai ya ci gaba da lissafa mini kifi.

Ku lura, bai ce asibiti ba. Ya san abin da ya sami ubansa, shi ya riƙa wanke masa idon yana ɗan makaranta. Ko kalma ɗaya. Labari kawai ya yi ta ba ni, mai daɗi, har yara suka gaji suka hawo suna rawar sanyi, ya naɗe su a tawul, ya ɓare musu lemo. Ni kuwa raina ɓaci yake. Yaro mai shekara biyar ya faɗi tsoronsa ya ga abin da ya gani. Ni gandamemiyar tsohuwa an kawo ni har bisa kan abin, ana ba ni labarinsa kamar tatsuniya.

Da aka tayar da inji, don kada Zainab ta ji, na ce, "Wannan aikin naku, da allura ake yi?"

Ya ce, "Ba irin ta Baba ba."

"Kai za ka tsaya?"

"Zan riƙe hannunku har a gama."

Ya ɗauki hutu ya biyo ni gida. A Kano aka yi, idon dama. Ya roƙa aka bar shi ya shiga, ya riƙe hannuna. Rabona da hannun nan tun yana shan nono. Na ji kanta a tafinsa, na ce a raina ashe nas ma aikin ƙarfi yake yi. Washegari aka cire auduga. Abin da na fara gani furfura ce a gemunsa. Na ce, "Kai, yaushe ka tsufa?" Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da na dawo Maska na ga dattin da ke bangon ɗakina, na yi wa matar Sani faɗan shekara huɗu a rana ɗaya.

Saura na hagu. Suka ce kada a daɗe, in yanar ta ƙosa tana iya tayar da ciwo ta kashe idon. Likita ya ce in ya dawo hutu a yi, sannan ya mayar da ni teku in ga kifin da idona biyu. Ya dawo, na ce sai bayan girbi. Ya sake dawowa, na ce sai bayan girbi. Ni da ko lauje ban riƙe ba shekara goma. Tsoro ne, ɗaya ya ishe ni, na ce kada in ja wa kaina. Ya dube ni ya ce, "To, Inna." Bai taɓa tilasta ni ba. Da ya tilasta, da yanzu an gama. Wannan ina jin haushinsa.

Akwai kuma wani haushin. Zainab ta tsinci kwalaben maganin hawan jini a motarsa, ƙarƙashin kujera. Ko ita bai gaya wa ba. Mai cewa a faɗa don a san inda za a riƙe mutum, shi bai bari an riƙe shi ba. Ba zan zage shi ba, na san inda ya gado.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya yi sanadin haskaka mini. Allah Ya sa yana kusa da ubansa, su ga juna. Allah Ya ba Zainab haƙuri, Ya fitar da ita takaba lafiya, Ya raya Takwara da Maigida da imani.

Yanzu a ji. In Zainab da yaran sun dawo, ɗakin Likita nasu ne, buhunan Sani su fita tun yau. Yaran in sun ce za su shiga ruwa, a nemi wanda ya iya ya tsaya musu, kada a sa ihu da bulala a kashe musu abin da ubansu ya koya musu. Alkawarin teku da ya yi mini na yafe, ba na bin kowa bashinsa, kada wani ya ce zai cika masa.

Ni ce yake bi bashi. Ido ɗaya. Na hagun ya yi fari fat, ya fara yi mini nauyi da rana. Kashegarin addu'ar arba'in Sani zai kai ni Kano. Shi zai riƙe hannun. Na san ba ya son ganin jini, in zai suma ya bari sai an gama. Kuma ina faɗa a rubuta, tsoro nake ji. In safiyar ta zo kuka ji na ce sai bayan girbi, ku ɗauke ni ku sa a mota.