Littafin Maye Gurbi na Kawu Sai-Na-Gani

Kawuna bai taɓa yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya laluba aljihu. Shi ya sa a maɗaba'ar da yake aiki ake kiransa Sai-Na-Gani. Shekara goma sha tara yana gaban kwamfuta mai baƙin allo, yana buga umarnin da ke zuba sunayen 'yan makaranta a kan katin shaida. Ban da shi babu wanda ya iya.

Ran nan manaja ya leƙo da murmushi. "Malam, ka rubuta mana yadda kake yin abin nan mana, saboda halin rayuwa."

A gida Kawu ya ce wa matarsa, "Ruwa ba ya tsami banza. In na rubuta, me kuma zan tsinana musu?"

"To ka rage wani abu mana," in ji ta. "Kowa ma haka yake yi."

Mako uku yana rubutu yana tsaki. Ya bayyana jeri: a zuba sunaye cikin baka biyu, kamar takalma a bakin ƙofa, kuma daga sifili ake fara ƙirga, don na'ura ba ta san ɗaya ne farko ba. Ya bayyana alamar dala: in ka sa ta gaban kalma, na'ura ta cire kalmar ta maye gurbinta da abin da aka ajiye a ciki, ba ruwanta da wanda yake wurin a da. Nan ya daɗe yana kallon takardar.

Abin da ya so ɓoyewa ƙarami ne. In suna mai kalma biyu bai shiga tsakanin alamun zance ba, na'ura sai ta raba yaro biyu, sunansa a kati ɗaya, na ubansa a wani. Da ya yi shiru, da dole a neme shi. Na ga ya soke shafin, ya kuma sake rubuta shi, har da misali. Ya ce ba zai iya raba ɗa da ubansa don tuwonsa ba. Wallahi ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Manaja ya karɓi littafin da hannu biyu, har da rakiya bakin ƙofa. Ranar Litinin Kawu ya zo da wuri, ya ajiye jaka, ya zauna. Gwiwoyinsa suka tokare ƙirjinsa. Wani gajere ya riga ya daidaita kujerar da tsayinsa.