Tambayar Likita Umara

Shekara talatin da ɗaya Likita Umara Kolo ya yi yana duba marasa lafiya a Haɗeja. Zazzaɓi, hawan jini, saran maciji a gonar shinkafa, duk a gabansa suke zama. Daga baya aka ɗora masa horar da sababbin likitoci. Ba mai faɗa ba ne. Abu ɗaya ne dai ba ya yafewa: kafin likita ya sallami majinyaci, sai ya tambaye shi ta wace hanya ya zo.

A damanar bana Likita Radiyya, wadda ba ta cika wata uku da fara aiki ba, ta manta. Malam Buba, manomi daga wani ƙauye a bayan Auyo, ya zo da rauni a ƙafa, ga ciwon suga. Ta wanke, ta ɗaure, ta ce ya dawo bayan kwana uku. Da ta tambaya, da ta ji cewa a kwalekwale ya ƙetaro, kuma kogi sai cika yake yi. Kwana goma sha ɗaya ruwa ya tsare shi. Da aka kawo shi, sai da aka cire masa yatsu biyu.

Washegari da hantsi Umara ya tarar da takardar ajiye aiki a teburinsa, Radiyya na tsaye a gefe.

"Baba, ni ban dace da aikin nan ba."

Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. "Wa zai wanke ƙafar Buba yau?"

"Ba zan iya haɗa ido da shi ba."

"To ki kalli ƙafar. Mu je."

A hanya ya gaya mata cewa a shekararsa ta farko ya taɓa sallamar wata mai juna biyu zuwa ƙauyen Baturiya a irin wannan lokaci. Bai ƙarasa labarin ba, ita ma ba ta nemi ƙarshensa ba.

Buba na hango ta ya ɗago kai. "'Yata, kwana uku kika ce. Shi kogin kin gaya masa?"

Ɗakin majinyata ya ɗauki dariya. Radiyya ta durƙusa tana kwance bandeji, hawaye na zuba, ita ma dariyar na neman ƙwace mata.

"Baba Buba, ta ina za ku koma?"

"Yauwa, yanzu kika yi magana!"

Suka tsara ya zauna har ruwa ya ja. Sati biyu tana koya wa matarsa Bara'atu wanke raunin da ruwan gishiri dafaffe, har hannun matar ya faɗa.

Takardar tana cikin durowar Umara, tare da wasu shida irinta. Shekara mai zuwa zai yi ritaya, kuma ya ce da su zai tafi gida. Radiyya ba ta sake tayar da zancen tata ba. Ranar Litinin da ta wuce ya ji muryarta ta bayan labule tana tambayar wata tsohuwa, "Inna, a babur kuka zo ko a jirgi?" Ya wuce abinsa bai leƙa ba.