Ranar da Gangar Tanko Ta Kira Garba Rago

Shekara arba'in da biyar ke nan da muka kai Tanko Mai Ganga makwancinsa a Barkiya. Allah ya jiƙansa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye alƙalami, don in na faɗi nasa dole in faɗi nawa. Bana ƙafa ta fara gardama, ido ya fara hazo, na ga gara in sauke kayan nan tun ina da baki.

Yaran yanzu ba su san majigi ba. Mota ce ke tasowa daga Dutsin-Ma da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a filin kasuwa bayan magariba, gari ya taru. Yawancin hotunan da ake ba mu bebaye ne. Ni ne mai riƙe lasifika, ina gaya wa jama'a abin da suke gani. Amma baki kaɗai ba ya riƙe taro, kafin a yi nisa tsofaffi sun fara gyangyaɗi. Shi ya sa na jawo abokina Tanko, makaɗin gangar noma. In doki ya ruga a allo, sai ka ji kofato a gangarsa. In an nuna gawa, ya sassauta hannu har mata su fara share ido. Wallahi akwai hoton da na kalla sau ashirin, ban san yana da ban tausayi ba sai da Tanko ya kaɗa masa.

Abin da ba wanda ya sani sai ni, Tanko yana da dundumi. Rana na faɗuwa, ganinsa ya tafi da ita. Ya roƙe ni in rufa masa asiri, don wa zai ɗauki makaɗin majigi da ba ya ganin majigi? Saboda haka tun da rana nake tsara masa hoton: kaza zai fara, kaza zai biyo. Shi kuma ya haddace.

Ran da abin ya faru muna Kurfi. Hoton na manoma biyu ne, jarumi da rago. Akwai wani Garba, mutumin Tamawa, wanda duk yankin ba a kai shi riƙon garma ba, kuma aminin Tanko ne. A lokacin kowane babban manomi yana da takensa a ganga, ko yaro ya ji ya san wa ake kira. Na Garba cewa yake: Garba sha-rana, inuwa ba taka ba ce. Tanko ya ce da ni, "Malam Isa, in jarumin nan ya fito, Garba zan kaɗa wa. Bari in fasa masa kai a gaban jama'a." Na ce jarumin ne farko.

Ashe da hannuna na miƙa wa mai injin gwangwanin fim na biyu kafin na ɗaya. Haske na faɗawa ƙyalle sai ga rago shame-shame a gindin bishiya, baki buɗe, ciyawa ta cinye masa gona. Tanko kuwa ya saki ganga da iyakar ƙarfinsa: inuwa ba taka ba ce!

Sai dariya ta ɓarke a filin. Ga lasifika a hannuna. Kalma ɗaya ta isa, in ce kuskure ne, a tsaya. Ban faɗa ba. Daɗin dariyar taro ya ɗebe ni, har na ƙara da cewa, "To, yau dai inuwa ta samu mai ita." Kaicona. Na ga Garba ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ratsa mutane ya fice.

Magana zarar bunu ce, ashe kiɗa ya fi ta. Kafin kasuwa ta zagayo, sunansa ya koma Ragon Majigi. Ranar gayya in ya sunkuya, sai wani ya buga taken a ƙotar fartanya. Tanko ya taka har Tamawa sau uku, Garba bai fito ba. Ya aiko a ce masa, "Mai ido ne ya kaɗa, ya ga abin da ya kaɗa wa." Da kaka ta yi ya sayar da shanun nomansa, ya ce ci-rani za shi. Har yau.

Na ce wa Tanko mu fito mu faɗi gaskiya. Ya ce, "In na ce ban gani ba, za a tambayi wanda ya gani. Kai ke da aikin albashi da iyali, Malam. Bar shi a kaina." Na kuwa bar shi, abin kunya. Bai ƙara zama gindin allo ba. Shekarun da suka rage masa, mutanen Tamawa ba su sake kiransa gayya ba, ya mutu ana ce masa wanda ya ci amanar amini.

Yanzu jikokina na kallon fim a waya, kiɗan fiyano na tashi daga farko har ƙarshe, ba ya kiran sunan kowa. Nakan ce da Tanko zai ji, me zai ce? Ina jin zai yi tsaki ya ce wannan ganga ba ta da harshe. Wataƙila kuma ya yi ajiyar zuciya ya ce sun huta, don gangar da ba ta magana ba ta raba amini da amini.

Gangarsa gara ta ci, ƙyallen ya zama tsumma. Abin da ya rage shi ne taken nan, da nakan tsinci yatsuna suna bugawa a gwiwa, ba kuma sauran mai jin abin da suke faɗa. To, in akwai jinin Garba na Tamawa cikin masu karanta wannan shafi, ku ji daga bakin wanda ya riƙe lasifika: kakanku bai taɓa kwanciya a inuwa ba, Tanko kuma bai ga allon ba. Ni na gani.