Bindigar Abu Manar Ba Ta Ƙi

Abdulganiyyu, wanda 'yan Misfala suka fi sani da Abu Manar, mai gyaran mukayyif ne, wato injin sanyaya ɗaki, a gidajen saukar alhazai. A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Kano bai koma ba. Mutum ne marar fara'a, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman shayi. Abu ɗaya ya sa wa ransa, wata bindigar farauta mai araha, irin mai sakata da ake ja da hannu bayan kowane harbi. Ƙotarta roba ce, fentinta ya koɗe, amma tun da ya saye ta da lasisinta ba ta taɓa ƙi masa ba, ko da yashi ya shige ta. A gonar wani abokinsa yake ajiye ta, can bayan iyakar Harami, don kowa a Makka ya san ba a farauta a cikin Harami. Ko tantabara ba a kora.

Da zai zauna lafiya da kayarsa, in ba don Hudaifa ba, mijin ƙanwarsa Khairiyya. Shi wannan a kamfanin Umra yake aiki, ga tumbi ga baki, kuma tun ran da aka ɗaura auren ba sa ga maciji. Ya je ya sayo wata bindiga 'yar Turai mai madubi, wadda ta fi sanin akwatinta a kan daji, ba don komai ba sai don ya samu abin gori. Duk Juma'a in dangi suka taru cin shinkafa, sai ya jawo zancen. Ya sa wa ta Abu Manar suna hurda, wato tarkacen da ake sayarwa a kan sikeli. Ya ce wata rana za ta cije a gaban mutane, ko ta tashi da fuskar mai ita. Mata su yi dariya, har da Manar, 'yar cikin Abu Manar. Wannan dariyar ita ta tsaya wa Abu Manar a rai, ya kuma tsani Hudaifa tsana ta gaske.

Da tura ta kai bango, ya ce su fita a gwada. Wata safiya bayan Asuba suka ɗauki bindigogi daga gonar, suka bi wani kwari mai duwatsu. Rana ta ɗaga kafin zomo ya tashi. Hudaifa ya riga shi harbi, ya tayar da ƙura kawai, ya ce hasken rana ne ya shiga madubi. Suka bi sawun zomon har kwarin ya karkata wajen gari. Can suka hango shi ya laɓe a gindin wata ƙaya, a sarari, ko makaho ba zai kuskure shi ba. Sai dai tsakaninsu da shi akwai farar alamar iyakar Harami, zomon kuwa yana ta ciki.

Abu Manar ya sauke bindiga. Hudaifa ma ya ga alamar, sarai ya gan ta, amma ya kawar da kai kamar bai gani ba.

"Ta cije ko, ya shaikh?" in ji shi. "Shi ke nan, ba komai. Zan gaya wa su Manar ta yi iyakar ƙoƙarinta."

Abu Manar ya san tarko ne, ya kuma san hukuncin tun yana makarantar allo. Amma ya hango Juma'a mai zuwa, da wadda ke bayanta, da bakin Hudaifa cike da shinkafa yana ba da labari. Ya ɗaga bindiga, ya ja sakata. Da ya ɗora yatsa a kan kunama, abin da ya zo masa a zuci ya ba shi kunya: fata yake ta ƙi, sau ɗaya tak, ta cece shi daga kansa. Ba ta ƙi ba. Zomon ya kife a wurin.

Hudaifa ya je ya tsaya daidai alamar, ya dubi zomon, ya dube shi. "A Harami, Abu Manar?" Murmushi yake yi.

Naman bai ciwu ba, nan suka bar shi. Abu Manar ya je wajen malami kansa a ƙasa, aka ce ya yanka 'yar akuya ya raba wa miskinai, ya tuba. Ya yi duka. Abin da kaffara ba ta cire masa ba shi ne Hudaifa, wanda bai sake cewa hurda ba. Yanzu yabo yake. Duk Juma'a sai ya ce wallahi bai taɓa ganin bindiga mai cika aiki irin ta surukinsa ba, wanda bai yarda ba ya tambaye shi inda ya gwada ta. Abu Manar ya sunkuyar da kai a kan faranti, Manar tana kallonsa tana mamakin yadda yabo yake hana babanta cin abinci.

Har yau yana hawa tsani a Misfala yana wanke mukayyif, bindigar kuma tana gonar, bai koma ya ɗauke ta ba. Kwanaki wani direba ya tare shi, ya ce yana son sayen irinta, amma yana tsoron kayan araha. Abu Manar ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Saya," ya ce. "Ba ta ƙi. Ko kai kake so ta ƙi, ba za ta ƙi ba."